Man Sitiyari a Tankin Birki

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina samun sauƙi. Yaya ƙarfin jiki, yaya amaryata? Mamanki ta ce da hancina ta zo. Ki ba ta haƙuri, ni ma ba zaɓa na yi ba. Tun da aka gaya mini na kasa zama, har mai gadin maƙwabta sai da na rungume.

Mijinki ya bar mini makullin motarsa kafin aiki ya tafi da shi, ya ce ni zan ɗauko ku ranar sallama. Na wanke ta ciki da waje. Na ga man birki ya ɗan sauka, na cika shi. Ki jira ni a bakin ƙofar asibiti.

Babanki.

Autata,

Ina gaishe ki, ina gaida jaririya. Na san kin daɗe tsaye da ita a rana kafin ki haƙura ki hau tasi. Bakina ba zai iya faɗin dalili a waya ba, shi ya sa na ba mamanki wannan.

Tirelar da na tsufa ina ja birkin iska gare ta, ban saba da na mai ba. Akwai ragowar man sitiyari a ɗakina, na ce ai mai duk mai ne, na zuba. Da safe ina gangarowa wajen kasuwa na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Da birkin hannu da giya na tsayar da motar, bayan na ture teburin mai kankana. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo.

Makaniki ya sunsuna tankin, ya tambayi wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aika-aika. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce man ya kumbura duk robobin birkin, sai an sake su. Ya goge murfin ya nuna mini, ga irin man da kamfani ya ce a sa nan a rubuce. Da furfurata na zauna makarantar yamma don in iya karatu, Auta, amma ban duba ba. Idan na tuna da kuna ciki zan bi hanyar nan a dawowa, sai in yi ta salati.

Kada ki gaya wa mijinki. Ni zan faɗa masa da bakina.

Babanki mai jin kunya.

Autata,

Fatan kun kwana lafiya. Mijinki ya zo jiya, ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Na faɗa masa komai. Ya ce ba komai Baba, har sau uku. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Da zai tashi na ajiye makullin a gabansa, ina ɗan sa ran zai turo mini shi. Ya sa a aljihu. Ya yi daidai.

Ya ce ranar rigakafi shi zai tuƙa, amma ana neman wanda zai riƙe yarinya a kujerar baya. Ki gaya wa mamanki kada ta sa rai, na riga ta karɓar aikin.

Ina gaida kowa.

Babanki.