Rufin Gida Bakwai

Baffa,

Yaushe rabonka da ka ɗaga kai ka kalli rufin ɗakin da aka haife ka? Yi haƙuri, bakina ya riga ladabina. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara wa ƙafar nan sauƙi. Umma kalau take. Goggo ma ta koma yi mana faɗa, ka san ta warke ke nan.

Bayan ka sa hannu a takardar kamfanin da zai gina shaguna a tsohuwar unguwa, Umma ta ce in je in kwance wayoyin wutar gidan Kaka kafin a rushe, tunda sana'ata ce. Na ɓalle silin ɗin ɗakin tsakiya na hau da tocila. Baffa, sai da na nemi wuri na zauna. Gungumen itace ne baƙi wuluk, hannuwana biyu ba sa kewaye shi, ba ƙusa ko ɗaya, an sassaƙa bakinsa ya shige cikin ɗan'uwansa kamar an sarƙe yatsu. Kuma bai tsaya a bangonmu ba. Na bi shi da rarrafe, ƙura har maƙogwaro, sai na ji agogai suna bugawa a ƙarƙashina. Ashe ina saman ɗakin Baba mai gyaran agogo! Gida bakwai na ratsa, gungume na riƙe da gungume. Ni da na cinye littattafan gini na bakin titi har ina yi wa injiniyoyi gyara a raina, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Da me suka ɗaga shi? Wace irin yarda ce ta sa magidanta bakwai suka kwantar da 'ya'yansu ƙarƙashin rufi ɗaya?

Na jawo mutumin kamfani ya gani. Wai gida ɗaya suka saya, ɗaya za su rushe, sauran kowa ya ji da rufinsa. Na gaya masa abin da ba zan iya rubuta maka ba. Shi kuwa Baba mai agogo dariya ya yi, ya ce ashe shekara saba'in yana kwana ƙarƙashin itacenmu ko godiya bai taɓa yi ba. Can ya daina dariya, ya tambaye ni ina zai kai matarsa da ba ta iya tashi.

Sau uku na karanta takardar nan. Muddin ba a miƙa makulli ba, kana da ikon janyewa. Makullin yana aljihuna, katafila kuma Litinin za ta zo.

Ka gaishe mini da Inna da Yaya Babba da su Auta. Ranar Asabar da hantsi masu gidaje shidan za su taru a ƙofar gidan Kaka. Zan kira ka, in ɗaga wayar sama kowa ya ji. Kada ka kira ni a gefe, ba zan ɗauka ba. Su za ka gaya wa da bakinka: in miƙa, ko kada in miƙa?

Ɗanka, mai bakin nan da ka sani.