Mutumin Bakin Ƙofar Asibiti

Lahadi, 25 ga Satumba, 1977

Na je coci a Kano don Mas, sujadarmu ta Katolika. Fada, limamin cocin, ya karanta labarin mai arziki da Li'azaru, mai gyambon nan da ke kwance a ƙofar gidansa. Ya ce mai arzikin bai doke shi ba, bai zage shi ba, tsallake shi kawai yake yi. Duk hanyar dawowa Wudil maganar tana cina, don akwai wani a ƙofar asibitinmu. Kwana tara ke nan. Ni ma tsallake shi nake yi.

Talata, 27 ga Satumba

Na tambayi Baba Gwadabe maigadi. Ya ce wata babbar mota ta masu aikin hanya ce ta sauke shi ta wuce. Ba ya bara, ba ya magana. Takalmin soja ne a ƙafa ɗaya, ɗayar kuma ya naɗe da tsumma, ƙudaje sun baibaye ta.

Na ajiye masa kunu. Ban dubi fuskarsa ba.

Juma'a, 30 ga Satumba

Ranar kasuwa. Rana tsaka, shanu na ta wucewa, na fito sayen fura, sai na ji daga ƙasa an ce, "Yelwa."

A garin nan da Sista Marta aka san ni. Ko a takarduna babu Yelwa. Tun da Inna ta rasu, mutum ɗaya ne ya rage mai kirana haka: Yaya Nomau, da ya tafi yaƙin basasa. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo a 1969.

Na juya. Mutumin yana kallon shanu, bakinsa a rufe. Baba Gwadabe yana kan bencinsa, taku uku tsakani. Ya ce, "Wallahi Sista ban ji komai ba."

Asabar, 1 ga Oktoba

Ba shi ba ne. Yaya dogo ne, mai wushirya. Wannan ba shi da haƙoran gaba ma.

Litinin, 3 ga Oktoba

Yaya yana da tabon lauje a ƙaurin hagu. Ni na ji masa, muna yankan ciyawa a gida, can wajen Malumfashi. Yau na ce a shigo da mutumin in wanke masa ƙafa. Allah ya san ba don Bishara na yi ba, tabon nake nema.

Na kwance tsumman. Ƙafar hagu ce. Gyambon ya cinye daidai wurin, ba sama ba ƙasa.

Garin wankewa ruwan gishirin ya zube. Shi ko motsi bai yi ba. Da na gama ɗaurewa ya ce a hankali, "Kin daɗe."

Na ce, "Wane ne kai?" Ya mayar da idonsa ƙofa.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Hansai mai abinci ta ce in bar taɓa shi, irinsu ba su kaɗai suke ba. Ta ce shekaranjiya ma ya kira sunan kakarta, har ta saki ludayi. Na tambaye ta sunan. Ta ce, "Yelwa mana." Wataƙila sunan wata tasa ne yake ambata, kowa ya ji ya ɗauka nasa ne.

To amma "kin daɗe" fa?

Na ja carbin addu'ar rozari, ban san inda na tsaya ba. Na roƙi Uwa Maryamu ta sa ya zama shi ne. Kafin in tashi kuma na roƙa kada ya zama.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Ban je Kano ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi yarda a kai shi babban asibiti. Na zauna da shi a baranda ina ba shi ruwa da cokali. Na daina yi masa tambaya. Idan Yaya ne, na yi abin da ya kamata. Idan ba shi ba ne, to ƙanwar wani tana can wani gari tana jiran mota.

Laraba, 12 ga Oktoba

Ya cika da hantsi, kansa a kan cinyata.

Aka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san addininsa. Babu laya a jikinsa, babu gicciye. Liman ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin ya yi salla. Babu. Baba Gwadabe ya ce, "Ko ma mene ne, ɗan Adam ne, ba za a bar shi ba." Shi ya yi masa wanka. Ni na kawo farin zanen da na ajiye don Kirsimeti. Mai unguwa ya ba da wuri a bayan gari, ta hanyar Utai.

Kafin a rufe, Baba ya dube ni ya ce, "Sista, da wane suna za mu san kabarin nan?" Na duƙa na gyara bakin zanen. Ya yi addu'arsa, na yi tawa.

Asabar, 22 ga Oktoba

Har yanzu idan na zo ƙofa sai in kewaye wurin da yake kwanciya. Na lura Baba ma haka yake yi. Ba mu taɓa maganar ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Bayan Mas katakis, malamin coci, ya zagaya da takardar sunayen matattu da za a yi wa addu'a a watan gobe. Shekara takwas ina rubuta mahaifina da Inna, in miƙa wa na kusa da ni da sauri. Yau na rubuta su, sai biron ya ci gaba, ya rubuta Yaya. Sunaye uku. A ƙasansu na ƙara, "da wani bawan Allah na Wudil," ko da shi da Yaya mutum biyu ne.

Ban yi kuka ba. A mota na yi barci tun daga Mariri, sai da direba ya tashe ni.