Jan Zoben Ɗantala

Gagarawa, 3 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga Yaya Malam Ishaƙ,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Tun da maigidana Ɗantala ya baro aikin kanikanci a filin jirgin Kano yake ɓoye wani jan zobe mai faɗin faifai, mai laushi kamar fata. Ya ce na injin niƙan da zai kafa ne. Ni dai na tsoma shi a tafasasshen mai, ya fito ko alama babu. Ai robar taya da tuni ta narke. Goggo Talatu ta ce maganin wuta ne. Ka kuma ji rumbun maƙwabcinmu Barau ya ƙone kwana biyu bayan sun yi cacar baki da Ɗantala. Ina tsoron ko da hannunsa a ciki. Ka bincika mini.

Ƙanwarka,
Rakiyya

Gumel, 12 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga Rakiyya,

Aminci ya tabbata a gare ki. Na tambayi tsohon makanikin motocin En'e. Ya ce roba ce ta Turawa, silikon. Daga yashi ake fitar da sinadarinta, a cuɗa da farar hoda, a zuba a mazubi a gasa har ta kama jikinta. Shi ya sa zafin inji ba ya narkar da ita, da ita ake toshe mahaɗar ƙarfe. Sai gagarumar wuta ke cinye ta, ta bar farar toka. Ya ce ko a Kano ba a samunta a kasuwa.

To, babu tsafi a nan, zato kuwa zunubi ne. Abin da ban gane ba shi ne yadda kayan filin jirgi ya iso Gagarawa. Ki tambaye shi cikin ladabi. Kada ki taɓa zoben.

Wassalam,
Ishaƙ

Gagarawa, 20 ga Oktoba, 1957

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta makara. Ran Laraba na kai wa Haladu maƙeri zoben ya zuga masa wuta, farar toka ta rage kamar yadda ka faɗa. Ɗantala ya nuna mini takardar da ubangidansa ya sa wa hannu, kyautar sallama ce. Injin yana nan a zaure, ba ya aiki sai da zoben, an fara kawo gero ana komawa da shi.

Bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Rakiyya, da bai ƙone ba, wa za ki je ki gaya wa?"



Ka sa mu a addu'a.

Rakiyya