Kwabon Tagulla a Cikin Agogon Bango

Alcoi,
14 ga Mayu, 1980.

Zuwa ga Yaya Honorio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka, kai da Ursula da yara. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ya kuma sassauta muku sanyin Jamus da kake ta kuka da shi. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta, tana kuma dawowa da faɗa kan tsadar kifi, ka ga lafiya ta samu. Kanti yana tafiya, ko da yake agogunan Japan masu batir sun rage mana aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau labarin Baba ne, kuma kada gabanka ya faɗi, na daɗi ne. Ranar Litinin ta makon jiya wani tsoho ya shigo kanti, mai tumbi, kansa ba gashi ko ɗaya, maganarsa da ɗan karin Faransa. Ya ajiye agogon aljihu a kan kanta ya ce yana latti. Da zai fita ya miƙa wa Baba hannu. Ina tsaye kusa, na ga babban yatsansa ya motsa a bayan hannun Baba ta wata hanya da ban taɓa gani ba. Baba ya zare hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya ce ya dawo ranar Alhamis. Na buɗe agogon daga baya, lafiyarsa ƙalau, ko daƙiƙa ɗaya ba ya latti.

Washegari mutumin ya sake zuwa. Baba yana hango shi ta gilashi ya shige ɗakin baya ya ce in ce ba ya nan. Tsohon bai yi musu ba. Ya bar ɗan ƙullin hankici ya ce in ba mai kanti, ya kuma faɗa mini masaukin da ya sauka. A ciki akwai wani kwabo na tagulla da ya yi baƙi don tsufa, gefe ɗaya da hoton kayan awon magina, ɗaya gefen an zana ƙaramar ƙafar agogo mai haƙora da hannu. Baba ya kalle shi ya sa a aljihu. Ranar bai ci abincin rana ba, alhali Mama ta dafa shinkafa da zomo.

Da muka rufe kanti don hutun rana na zauna gabansa na ce ba zan tashi ba sai ya faɗa mini. Yaya, ashe Babanmu ɗan ƙungiyar asiri ta Mason ne tun kafin yaƙin basasa, waɗannan da aka riƙa tsorata mu da su a makaranta. Mama ta sani, shekara arba'in ba ta faɗa wa kowa ba. Ya ce a zaurensu kowa yana da kwabonsa da alamar sana'arsa, kuma idan ka ba ɗan'uwa naka, duk ranar da aka kawo maka shi dole ka amsa kira. Wannan tsoho Baldomero ne, masaƙi, amininsa. A ƙarshen yaƙi ya samu jirgin ruwa ya gudu zuwa Oran, can ƙetaren teku, Baba ya raka shi tasha, suka yi musayar kwabo.

Na tambaye shi, to me ya sa yake gudun amininsa? Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shekara biyu bayan haka aka kai shi gaban kotun da aka kafa don irinsu, aka ce ya rubuta cewa ya bar ƙungiya, ya kuma ba da sunaye, in ba haka ba shekara goma sha biyu a kurkuku. Kai kana goye a lokacin. Ya ba da sunayen mutum uku da suka riga suka mutu, aka ce bai isa ba, ana son mai rai. Sai ya rubuta Baldomero. Ya ce tun daga ƙofa ya gane shi ranar Litinin, duk da tumbin da sanƙon, amma hannun da ya rubuta sunan nan ba shi da ikon mayar da gaisuwar sirrin da ya yi masa da yatsa.

Mama ce ta raba gardama. Ta ce mutum ya ƙetaro teku da tsufansa, ko zagi ya zo yi ai a je a saurara. Baba ya hau kujera ya buɗe bayan babban agogon bangon nan na falo, wanda ya hana mu taɓawa tun muna yara, ya ciro wani kwabon daga ƙarƙashin katako, mai alamar ƙoshiyar masaƙa. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, muka fita, ina riƙe da hannunsa.

Mun sami Baldomero a teburin waje na shagon gahawa da ke dandali, yana cin zaitun. Baba bai zauna ba. Ya ajiye kwabon a tebur ya ce, "Baldomero, na ba su sunanka."

Tsohon ya tofar da ƙwallon zaitun a tafin hannunsa, ya dube shi ya ce, "Kai ne na goma sha ɗaya, Evaristo. Na ga takardun bara. Mutum goma sha ɗaya suka ba da sunana, ni kuwa ina Oran ina cin gasasshen kifi. Duk garin nan babu wanda ya kai ni amfani. Da ba ka ba da shi ba da na ji haushi, ai don haka na bar muku shi. Zauna, tsohon banza, kana tare mini rana."

Baba ya tsaya kamar bai ji ba. Can sai ya miƙa hannu, Baldomero ya kama, na ga yatsun Baba sun amsa a hankali, kamar mai tuna wani abu da ya daɗe bai yi ba. Daga nan kuka ya zo, su biyun, a tsakiyar dandali, mai shago yana tambayata ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, ya kawo kwalbar ruwan inabi.

Tun ranar gidanmu bai huta ba. Mama ta sa an kwaso jakar Baldomero daga masauki, yana kwana a ɗakinka. Ya ce shinkafarta ta fi ta da, ta ce shi ma ya fi na da, ta wajen faɗi. Kwabon kuwa kowa ya ƙi karɓar nasa. Baba ya mayar masa da mai ƙafar agogo, shi kuma ya tura wa Baba mai ƙoshiya, wai har yanzu ba a san wanda zai riga buƙatar wani ba. Sun bi gari suna neman ragowar 'yan'uwansu, sun samo biyu: Leandro mai sayar da magani, wanda muke gaisawa da shi kullum ba mu sani ba, da wani tsohon malamin makaranta da kunnensa ya mutu, sai an yi masa ihu, ka ji masu sirri. Yanzu doka ta ba su dama, suna maganar sake buɗe zaurensu, amma sun ce sai sun cika bakwai. Na roƙe su su koya mini gaisuwar, suka yi ta dariya, Baldomero ya ce in tambayi Mama, tun kafin a haife ni ta gano ta.

Yaya, akwai maganar da ban taɓa yi maka ba. Ina bayan ƙofa ranar da za ka tafi, na ji lokacin da ka ce wa Baba shi matsoraci ne, bai taɓa tsayawa kan komai ba a rayuwarsa. Na san abin yana damunka, shi ya sa wasiƙunka kullum sunan Mama suke ɗauke da shi. Jiya da na ce zan rubuto maka, Baba ya cire madubin aiki daga idonsa ya ce in faɗa maka duka, kada in rage komai. Ya ce in gaya maka ba ka yi ƙarya ba, ya ji tsoro ƙwarai, kuma in za a sake zai sake ji, domin kai ne a bayan Mama. Sai ya ce ka zo a watan Agusta da yaran, yana so ya ga ko akwai mai hannun gyaran agogo a cikinsu.

Ka gaishe mini da Ursula, ka ce mata na gode da zanen tebur. Ka sumbaci Matías da Irene. Mama tana gaisuwa, Gwaggo Consuelo ma haka. Baldomero ya ce a gaishe da jaririn da ya hana a ɗaure ubansa. Ka rubuto da wuri ka faɗi ranar da jirginku zai iso, kuma wannan karon ka sa sunan Baba a bayan ambulan.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Amparo