Sunan Tansy Fork a Bayan Ambulan

Litinin, 4 ga Maris, 1957
Takarda ta zo daga hukuma: za a rufe gidan wayarmu idan wasiƙu ba su ƙaru ba. Tansy Fork ba ta da magajin gari, ba ta da majalisa. Gida goma sha tara ne da coci, a inda rafuka biyu suka haɗu. Hatimin gidan waya kaɗai ke ɗauke da sunanmu. Ni dai damuwata, ta ina littattafan soyayyata za su riƙa zuwa?

Alhamis, 7 ga Maris
Kaka Zilpha, kakar mijina Delmer, ita ke riƙe da gidan wayar a lungun shagonta. Ta ce, "Ke sarkin karatu, zo ki yi amfani ko sau ɗaya." Dabarar: kowa ya aika wa maƙwabcinsa wasiƙa. Rabinsu ba su iya rubutu ba, ni zan rubuta.

Laraba, 13 ga Maris
Tsoho Burl, maƙwabcinmu, ya ce mini, "Rubuta wa Zilpha, kakana ne ya fara sare dajin nan, ba nata ba." Ta sa na mayar masa da shafi uku: wanda ya kafa cocin, ambaliyar da ta ci gada, ramin kwal da aka toshe, jariranta biyu da ke kwance bayan coci. Ban taɓa sanin ta binne 'ya'ya ba.

Juma'a, 22 ga Maris
Mai bincike ya zo. Ya jera ambulan a kan kanta, ya daɗe yana kallo. "Duk garin nan rubutunku iri ɗaya ne?" Kaka ta ce, "Makaranta ɗaya muka yi, ɗan nan." Sai ya dubi tawadar da ke yatsuna. Na ɓoye hannu, amma ya riga ya gani.

Asabar, 30 ga Maris
An rufe. Sun tafi da hatimin. Ba wanda ya ce laifina ne, gara ma a ce. Delmer ya ce, "To Verna, ga birnin da kike mafarki, ana ɗaukar ma'aikata a Dayton."

Talata, 2 ga Afrilu
Na ce wa Delmer mu bari sai an yanke tabar gona. Ya yi mini wani kallo. Sabon littafina kwana goma ke nan ban buɗe ba, aiki ne ya yi yawa. Burl ya aiko wai bai gama da Kaka ba. Na rubuta, da ƙafa zan kai mata. A bayan ambulan na sa Tansy Fork, da manyan baƙaƙe.