Husufin da ba zan auna ba

Laraba da dare, Haɗejiya

Amsa ta zo yau ina tsakiyar duba takardun ɗalibai. Ba a ba mu lokaci a na'urar hangen taurari da ke sararin samaniya ba. Farfesan da muka nema tare ya rubuto layi biyu kacal, wai mu yi haƙuri.

Shekara shida ina jiran wannan husufi. Ƙaramin tauraro mai zafi zai shige bayan ƙaton abokin zagayensa, haskensa na ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya ratso iskar da ta lulluɓe ƙaton. Da mun rarrabe hasken nan, da mun karanta abin da ke cikin iskar hawa-hawa. Yanzu zai shige ya fito, ni ina nan ina jan biro.

Bayan isha'i na faɗa wa Baba. Tun da ruwa ya cinye shinkafarsa a Guri yake wurinmu, kuma bai cika magana ba. Ya ce, "Hadiza, ga sama nan garau, ki fita ki duba abinki mana."

Na ce iskar duniyarmu tana tare wannan hasken, ko na kwana a tsakar gida ba zai iso ni ba.

"To yaushe zai sake?"

"Sai bayan shekara ashirin, Baba."

Ya shiga lanƙwasa yatsunsa yana lissafi. Na jira ya ce Allah ya kai mu, kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Allah ya kai ki."

Na kasa cewa amin.