Tagogi Huɗu a Kan Tsakar Gidana

Zuwa ga Mai Unguwarmu, ranka shi daɗe.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Ya gajiyar azumi? Ya hidimar Sallah? Allah shi maimaita mana.

Ni ce Hajiya Hanne ta gidan marigayi Malam Isa mai hoto, ƙawar kakarka, Allah shi jiƙanta. Ka ga ke nan jikana ne kai ko da rawani, kuma wasa tsakaninmu ba laifi ba ne. Sau uku ina aika maka. Na farko ka ce a bari azumi shi wuce. Na biyu ka ce in Allah ya so. Na uku aka ce ka tafi ta'aziyya. Gwiwata ba ta kai ni zaurenka, don haka ga takarda, kuma a buɗe na bar ta, kowa shi karanta.

Na ɗaya. Bara wani Alhaji ya sayi gidan da ke gabas da mu, ya rushe, ya tayar da bene. Allah shi sanya alheri, ba hassada nake ba. Amma tagogi huɗu ya fasa, dukkansu sun leƙo tsakar gidana. Ya zuba samari 'yan haya a sama. Ban ga mugun abu gare su ba, har ladabi gare su. Ladabin ne ma ya kashe ni. Ranar Sallah da safe na fito daga wanka ina gyara ɗaurin zane, sai na ji daga sama ana yi mani barka da Sallah. Na ɗaga kai na ɗauka mala'ika ne, ashe yaro ne da buroshi a baki. Tun da aka yi benen nan surukata Asma'u da hijabi take daka, da shi take wanki, da shi take hura wuta a wannan zafi. Ni kuwa da duniyata ta rage daga ɗaki sai tsakar gida, yanzu ta koma daga gado sai bakin ƙofa. Shekara arba'in da 'yan kai ina shan iska a gidan nan, yau ni ce ke leƙe kafin in fita, kamar ɓarauniya.

Na biyu, kuma shi ne ainihin kukana: hoton Sallah. Ka san mai gidana da akwatin hotonsa ya ci da mu, a rumfarsa ta gefen Babbar Kasuwa. Amma 'ya'yansa bai taɓa ɗaukarsu a rumfa ba. Kowace Sallah, bayan an sauko daga idi, jikin bangon da ke kusa da randa yake jera su. Shi ya koya mani cewa hoto da hantsi ake yi, sa'ad da rana ke shigowa ta gefe, ba ta soki ido ba. Ya ce mai ɗauka shi durƙusa daidai tsayin yaro, kada shi tsaya a kansa kamar mai bin sawun kaza. Ya ce kada a ce wa yaro yi murmushi, don yaƙe zai yi kamar an matse masa kunne. Nan aikina yake. Sai in tsaya bayan mai ɗauka in fara ba su labarin ranar da ragon layya ya tunkuyi babansu ya faɗa kwatami da sabuwar shadda. Sun ji shi ya fi sau hamsin, kowace shekara ragon na ƙara girma, amma sai sun ƙyalƙyale. A daidai nan ake ɗauka. Malam ya rasu, akwatin ya lalace, Asma'u ta ci gaba da wayarta, bango bai canza ba. Yanzu bene ya tare hantsin. Rana ba ta sauka sai ta zo tsaka, yara na runtse ido, inuwa ta cika masu fuska.

Na uku. Ga abin da ya faru a ƙaramar Sallar nan. Kwana biyu ana kitso. An yi lalle ja da baƙi. Tela na Ƙofar Sauri ya cika alkawari, abin da bai taɓa yi ba. Jikoki bakwai suka taru, mata biyar. Da aka zo jera su, Asma'u ta kalli sama ta ga mutane a taga suna danne-dannen waya, ta ce ba za a buɗe kan 'yan matanta ba. Ban ga laifinta ba, babbar ta kai shekara goma sha huɗu. Muka ɗaura tampol shuɗi daga bango zuwa bango. Yara suka fito shuɗaye kamar an tsamo su daga marina, kafin a sake gwadawa iska ta yaye shi ya rufta kan tukunyar miya. Muka shige ɗakina, babu wuta, aka kunna fitilar waya, idanu suka yi ƙyalli kamar na kyanwa a rumbu. Ƙarshe muka koma jikin bango da rana tsaka, kowace ta zumbula hijabi har ƙasa. Kitso, lalle, 'yan kunne, ɗinki, duk a ciki. Na ba da labarin rago, ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban kai ƙarshensa ba.

Wannan hoton aka aika wa ɗana Nura, mijin Asma'u, da ke aiki a Jidda shekara ta huɗu ke nan bai zo ba. Autarsa, takwarata da muke kira Ummi, bayan tafiyarsa aka haife ta. Bai taɓa ɗaukarta a hannu ba, a hoto ya san ta. Tana tsaye kusa da ɗiyar ƙanwarsa, sa'arta, hijabi iri ɗaya, ido a runtse. Sai ga saƙon muryarsa yana tambaya, a hankali kamar mai jin kunya, wai wacce ce Ummi a cikin biyun. Ranka shi daɗe, uba ne ke tambayar wacce ce ɗiyarsa. Asma'u ta shige madafi ta daɗe ba ta fito ba, kuma ba albasa take yankawa ba.

Na huɗu. An ce mu tafi shagon hoto. In je da wace gwiwa? Kuma me Nura zai gani, ɗiyarsa a gaban labule mai zanen ruwan wata ƙasa? Jikin bangon da ya tsaya yana yaro yake son shi ga ta tsaya. An kuma gaya wa Alhajin, ya ce yana da takardar gini. Na yarda. Ni ma na yi ajin yaƙi da jahilci, na san darajar takarda. Amma ba takarda ke leƙo ni ba.

Ga roƙona. Ka zo da kanka da hantsi, ka tsaya kusa da randa, ka ɗaga kai. Sannan ka kira Alhaji cikin mutunci, shi toshe rabin tagogin na ƙasa, ko shi sa gilashin nan mai shigar da haske ba a ganin waje. Ban ce a rushe ko bulo ɗaya ba. Hantsin ma na yafe, don na lura bayan la'asar haske na saukowa ta ɗaya gefen, za mu lallaɓa da shi. Idanun kawai nake so a ɗauke mana, kafin Babbar Sallah. Kwana saba'in ne tsakanin sallolin, mun ci ashirin.

Abu guda kuma, tsakanina da kai. Cikin kayan Malam akwai hoton wani yaro ɗan shekara huɗu da kakarsa ta kawo ranar Sallah. Yana riƙe da ƙashin rago, majina har baki, wando ya zame zuwa gwiwa, amma yana dariya don na ba shi labari. Yau yaron nan rawani gare shi. Ban ce zan ba jikokina su sa a waya ba. Na dai ce sun iya. Ka zo ka karɓi abinka, ka duba shi da kyau. Ba wanda zai kalli hoton nan shi tambaya wane yaro ne. Abin da nake nema wa Ummi ke nan.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi rufa asirin gidanka yadda nake roƙon a rufa nawa. Allah shi kai mu Sallah lafiya.

Kakarka mai jiran sallamarka,
Hajiya Hanne ta gidan mai hoto.

Wassalam.